Zinariyar da Ke Cikina

Sunana Sanda, mutumin Damagaram. Karatuna bai yi nisa ba: izu goma sha biyu a allo, shekara huɗu a lakwal, wato makarantar boko, daga nan kasuwa ta ɗauke ni. Na faɗi wannan tun farko don a san iyakar sanina. Ni kaina na daɗe ban san iyakarsa ba, kuma daga nan duk abin da zan faɗa ya taso.

Zangona na farko a New York bakin titi na 125 ne, a Harlem. Tebur mai naɗewa, a kansa turare da man kaɗe da huluna, in sanyi ya shigo in ƙara da safar hannu. Wani ɗan ƙasarmu ne ya sayar mini da gurbin, ya ce nasa ne. Kwana uku da kafa tebur 'yan sanda suka kwashe kayan, a nan na gane gurbin ba na kowa ba ne. Na je neman mutumin aka ce ya bar gari. Ina tsaye a wurin, dusar ƙanƙara na narkewa cikin takalmina, sai wani direban tasi ya tsaya ya sauke gilashi.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kana jin Hausa?"

Shi ne Alhaji Musa, ɗan Zangon Kumasi. Ya kai ni gidansu a Morrisania, mutum shida a ɗaki biyu, ya nuna mini katifarsa ya ce mu riƙa karɓa-karɓa. Tun daga ranar yake ce mini Bafaranshe, ni kuma ina ce masa ɗan kurmi.

Shekara shida na yi kafin in iya kawo matata Mariyama da ɗanmu, wanda na baro a ciki. Sunan mahaifina aka sa masa, don haka Abba muke ce masa. A makon da za su iso na shiga wani shago na sayo wa Mariyama sarƙar zinariya siririya, da ɗan ganye yana reto a jikinta. Ban ko ba ta hannu da hannu ba. Na ajiye a kan matashi na fita, don kunya. Ita kuma ƙarƙashin mayafi take sa ta. Shekara goma sha biyu tana wuyanta, ban taɓa tsayawa na dube ta ba.

Muka koma University Heights, ɗaki biyu namu na kanmu. Ranar Asabar nakan tafi da Abba wajen tebur, shi ke ƙirga mini huluna da Hausa, yana ɗaga kowace ɗaya sama kamar yana nuna wa jama'a. Da ya shiga makaranta bakinsa ya juya. In yi masa Hausa, ya ba ni amsa da Turanci. A lokacin ne kuma mutane suka fara ce mini Malam, saboda nakan ja salla a masallacinmu na ɗakin ƙasa in liman ba ya nan, kuma bakina yana da saurin cewa wannan haramun ne. Na ji daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

Mariyama ta rasu Abba yana da shekara goma sha takwas. Hawan jini ne. Muka kai ta maƙabartar Musulmi a hayin kogi, muka dawo gida mu biyu, kowa ya shiga ɗakinsa. Ban san yadda ake zama da yaro a yi baƙin ciki tare ba. Ba a koya mini ba, ni kuma ban nemi in koya ba.

Ƙaramar Sallar da ta biyo baya, an sauko idi, jama'a sun cika bakin titi ana gaisawa. Abba yana gefena cikin farar shadda. Sai wani dattijo ya nuna wuyansa da sanda yana dariya.

"Malam Sanda, ɗan naka mawaƙi ya zama ne?"

Na duba, ga sarƙar zinariya ta leƙo daga wuyan rigarsa. Na ga idanu sun juyo kaina, ni da nake hana 'ya'yan mutane. Ban tambaye shi komai ba. Na sa hannu na fizge ta, ta tsinke, na jefa ta cikin magudanar ruwa mai murfin ƙarfe da ke bakin titin.

Abba ya durƙusa da shaddarsa a ƙasa yana cusa yatsu tsakanin ƙarafan. Na ce ya tashi kada ya ƙara kunyata ni. Ya ɗago kai, shi da ya yi shekaru bai yi mini Hausa ba, ya ce, "Ta Mama ce."

Na ce, "Ko ta wace ce, haramun ce ga namiji."

Wasu suka gyaɗa kai. Gyaɗa kan nan nake nema, kuma na samu.

Da na koma gida na buɗe gwangwanin da Mariyama ke ajiye 'yan kayanta, na tarar da ɗan ganyen nan shi kaɗai. Abba ya cire shi ne don kada a ce ya sa kayan mata. Washegari bayan asuba na miƙe wayar rataye riga na je na yi ta laluben ramin har rana ta fito. Ban samu komai ba sai ledoji. Na dawo ban faɗa masa na je ba. Kafin mako ya zagayo ya haɗa jakarsa ya tafi. Na ce wa mutane yaran Amurka ba su da tarbiyya, suka tausaya mini.

Shekara bakwai ke nan. A cikinsu na ji a bakin mutane cewa ya samu aikin tuƙin bas, ya auri 'yar ƙanwar matar Alhaji Musa, har sun haifi 'ya mace. Na yi kamar ban ji ba. Alhaji Musa ya taɓo maganar sau biyu, na ce in yana son mu ci gaba da gaisawa ya bar ta.

Zango na gaba shi ne asibiti. Ciwon baya ne ya fara, sai wandunana suka yi mini yawa, abinci ya fita raina. Wata Juma'a Alhaji Musa ya kama haɓata ya juya fuskata wajen haske.

"Bafaranshe, idonka ya zama gwaiduwar ƙwai. Shiga mota."

Shekara ashirin da shida na yi a garin nan kafin in san cewa bayan tumbin mutum akwai wani ɗan nama kwance, likitoci na ce masa fankiriyas, shi ke daidaita sukari da taimakon narkar da abinci. A kansa ciwon daji ya fito mini. Wata huɗu ana yi mini ƙarin ruwan magani mai zubar da gashi, mai sa yatsu su mutu. Nakan hau jirgin ƙasa daga Bronx zuwa Manhattan in tsaya riƙe da ƙarfe, sai wata rana wata yarinya mai jan gashi ta tashi ta ba ni kujerarta. A ranar na san na zama tsoho mara lafiya, tun da har a jirgin New York an ba ni wuri.

Bayan watannin nan aka tura ni wajen wata likita mai ƙaramin jiki, mai magana a hankali. Ina jin Turancin kasuwa, amma ba na likita ba, don haka ta kira tafinta ta waya. Muryar wani Bakano ce ta fito daga akwatin da ke kan tebur.

Ta zana mini a takarda. Ƙarin, wato kumburin dajin, bai watsu ba, amma ya rungume wata babbar jijiyar jini, don haka ba za a iya yanke shi ba. Akwai wani irin gashi da ake yi da haske mai ƙarfi. Ba kamar na zamanin da ba, wanda ake yin makonni ana gasa wuri mai faɗi. Wannan ana tattaro hasken ne daga ɓangarori da yawa a haɗa shi a kan ƙarin kaɗai, sau biyar a gama. Ta ce ba ta yi mini alkawarin warkewa ba. Abin da take fata shi ne a tsayar da shi, a rage zafin baya, a samu lokaci. In kuwa ya riga ya tsallaka hanta, wannan hanya ta rufe.

Na ce na yarda.

Ta ce saura abu ɗaya. Ƙarin yana motsi duk lokacin da na yi numfashi, kuma hanji yana manne da shi, in hasken ya kauce zai ƙona hanjin. Don na'urar ta riƙa ganin inda yake, za a dasa masa alama guda uku, kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba.

Na tambaya, "Alamar ta mene ce?"

Tafinta ya ce, "Baba, ta ce ta zinariya ce."

Na ce, "A cire ta bayan an gama?"

"A'a, a jiki za ta zauna."

Na ɗauki hulata. Na ce ya faɗa mata ni Musulmi ne, namiji ba ya sa zinariya. Likitar ta ce ba za ta tilasta ni ba, in je in yi shawara da malamaina, amma kada in wuce mako biyu. Kafin a kashe wayar tafintan ya ce, a ƙashin kansa, "Baba, don Allah ka tambaya tukuna." Na ce tafinta aka ɗauke shi, ba mufti ba.

Limaminmu na lokacin matashi ne da ya yi karatu mai zurfi, sa'an Abba ne ko ya ɗan girme shi. Na same shi bayan la'asar na zayyana masa. Bai ko buɗe littafi ba.

Ya ce, "Baba Sanda, abin da aka hana ado ne. Wannan magani ne, kuma larura ce. Tun da can malamai sun halatta a ɗaure haƙori da zinariya in zai faɗi. Ka je a sa maka."

Na ce ai haƙori daban, ciki daban. Ya amsa. Na kawo wata, ya amsa. Na ce in na mutu da ita za a binne ni, ya ce babu laifi. Da na buɗe baki karo na huɗu sai ya dafa gwiwata.

"Baba, fatawa ka zo nema, ko wanda zai ce maka a'a?"

Na tashi ban yi sallama ba.

Kwana tara suka wuce. Asibiti suka kira sau uku, ban ɗauka ba. A rana ta goma Alhaji Musa ya zo ya ce in raka shi sayen taya. Muna shiga tasin ya kulle ƙofofi, bai ta da mota ba.

"Kai mutum ne mai taurin kai paa. Liman ya ce halal, likita ya ce lokaci na tafiya. Me ya rage?"

"Zuciyata ba ta kwanta ba."

"Ƙarya kake, Bafaranshe. Ba Allah kake tsoro a nan ba, Allah Ya ba ka dama. Kunyar Abba kake ji. Kana ganin in aka sa maka zinariya a ciki, da wane ido za ka tuna abin da ka yi wa yaron nan. Gara ka mutu kana da gaskiya, ko ba haka ba?"

Na ce ya buɗe mini ƙofa.

"Ba na buɗewa. Ni na tsaya masa uba ranar aurensa. Ni na ci naman sunan jikarka, kana can kana sayar da turare. Na gaji da riƙe maka ɗa, ni ma ina da nawa."

Ya yaga takardar rasit ya rubuta lambar bas ɗin Abba da tasha da lokaci, ya cusa mini a aljihu.

Washegari da hantsi na tsaya a tashar. Bas uku na bari suka wuce, ina leƙen direba. A ta huɗu na gan shi. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, kafaɗunsa irin na mahaifina. Na hau, na sa katina a na'ura. Ya dube ni kamar yadda yake duban kowa, ya kawar da kai, sannan ya sake dubowa. Na rame ƙwarai, hulata ta sauko har kunne. Mutane na bayana suna turawa, na wuce na zauna inda zai gan ni a madubi.

Kusan awa ɗaya muka yi. Na ga yadda yake saukar da bas ɗin ƙasa don wata tsohuwa mai sanda ta hau, yadda ya jira wani mai gudu da yaro a kafaɗa. Wani ya zage shi a kan canji, ya ce masa ya zauna kawai. Ni ban koya masa wannan haƙurin ba. Na uwarsa ne.

A ƙarshen hanya kowa ya sauka. Ya kashe injin, ya ce da Turanci, yana kallon gaba, nan ne tasha ta ƙarshe.

Na ce, "Na sani, Abba."

Na matso kujerar da ke bayansa. Na ciro ɗan ganyen nan daga aljihu, wanda shekara bakwai yana cikin jakar katunana, na ajiye a gefen sitiyari.

"Ni na saya mata. Ni na saya, kuma ban gane ta ba. Tun ranar na san na yi kuskure. Washegari na koma da waya na yi ta nema ban samu ba."

Ya daɗe yana kallon ganyen. Da ya yi magana, Turanci da Hausa suka fito masa a gauraye.

"Ka koma ka nema. Amma ba ka iya ƙwanƙwasa ƙofata ka faɗa mini ba. Taku huɗu ne tsakanin ɗakinka da nawa."

"Ban iya ba."

"Yanzu me ya sa ka iya?"

Na faɗa masa duka: ciwon, jijiyar, hasken, da ƙwayoyin zinariya uku. Da na zo kan zinariyar sai ya fara dariya. Ba dariyar daɗi ba ce. Ya kifa kai a sitiyari yana yi har kafaɗunsa na rawa, da ya ɗago idonsa ya jiƙe.

"Haramun ce ga namiji, Baba."

"Liman ya ce..."

"Ban tambayi liman ba. Kai nake tambaya. Kai ne Malam."

Na ce, "Ni ba malami ba ne, Abba. Izu goma sha biyu gare ni. Hukuncin sarƙa a wuyan namiji yana nan yadda yake, ba ni na sa shi ba. Amma ba don shi na fizge ta ba. Don mutane su gan ni na yi. Ko da gaskiya ce zalla, ba a bakin titi ake faɗa wa maraya ita ba."

Ya dubi agogo. Hutunsa minti goma ne, ya ƙare. Ya ɗauki ganyen ya sa a aljihun rigar aikinsa ya maɓalle.

"Ka kira asibitin?"

"Tukuna."

"Kira su yanzu, ina ji. Sannan ka zauna, zan mayar da kai."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Allah Ya sa hoton da aka sake ɗauka ya nuna hantar lafiya lau. Aka sa ni barci, aka zura wani bututu mai ido ta bakina har ciki, aka dasa ƙwayoyin. Abba bai zo ba. Alhaji Musa ne na gani da na farka.

Ya ce, "Yanzu kam ka yi daraja. Ba zan ƙara barinka ka bi titi kai kaɗai ba, kada a sace ka."

Bayan mako guda aka auna ni. Aka kwantar da ni a kan wata jaka mai kama da buhun gero, hannuwana a miƙe sama da kai, aka zuƙe iskar cikinta har ta sandare da siffar bayana. Aka ɗiga mini tawada a fata wuri uku. Suka koya mini aikina: in ja numfashi daidai gwargwado, in riƙe har a ƙirga ashirin, in saki. Lokacin da na riƙe ne kaɗai hasken ke fita. In na motsa ko na saki, na'urar ta yanke da kanta. Kuma kowace rana ciki wayam zan zo, kamar mai azumi.

A gida ina iyawa. A ɗakin gashin kuwa abin ya gagara. Ƙofar ɗakin kaurinta ya kai tsawon hannu. Suna gama daidaita ni kowa ya fita, ta rufe, ya rage ni da wani ƙaton ƙarfe yana kewaya ni yana gunji. Muryar wata mata ta fito ta lasifika da Turanci. Na san abin da take cewa sarai, amma na kasa bi. In riƙe, kafin a kai takwas iska ta ƙwace. Na tuna kabarin Mariyama. Bayan an daɗe ana gwadawa suka buɗe ƙofa suka ce mu bari sai jibi.

Likitar ta ce kada in damu, yana faruwa. Akwai wata dabara in wannan ta ƙi, amma sai an rage ƙarfin hasken saboda hanji. Na fito na zauna a ɗakin jira ina jin kunya kamar yaron da ya kasa hadda. Wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci, kanta ɗaure da ɗankwali, tana jiran nata layin. Ba mu da yare ɗaya. Ta dubi fuskata ta gane, ta dafa hannuna, ta rufe idonta ta buɗe, ta nuna ni. Wato in rufe ido in na shiga.

Ranar da na koma, ina fitowa daga lif na ga Abba tsaye da rigar direbobin bas. Alhaji Musa ne ya kai masa labari, shi kuma ya yi musayar aiki da wani. Ya gaishe ni a taƙaice, ya wuce wajen ma'aikatan. Na ga suna magana, matar nan mai magana ta lasifika ta je ta tambayi likita, ta dawo ta gyaɗa kai.

Aka kwantar da ni, ƙofa ta rufe. Na rufe ido kamar yadda tsohuwar ta nuna. Lasifikar ta yi ƙara, sai na ji:

"Baba, ni ne. Ja numfashi. Ƙara kaɗan. Ya isa. Riƙe."

Sannan ya fara. "Ɗaya. Biyu. Uku."

Muryar ta yi kauri, harshen ya karkace, amma ƙirgar ita ce ta bakin tebur, yadda yake jan kowace lamba kamar yana ɗaga hula sama. Na bar ɗakin, na koma titi na 125 ranar Asabar. Na ga hula ta bakwai, ja. Na ga ta goma sha biyu. Ban san lokacin da muka kai ba, sai na ji, "Ashirin. Saki, Baba."

Matar ta karɓi makirfo ta ce da kyau. Muka sake. Ban ƙirga sau nawa muka yi a ranar ba, amma ko sau ɗaya na'urar ba ta yanke ba.

Haka muka yi zuwa biyar, ana tsallake kwana ɗaya-ɗaya. Hasken ba a ganinsa, ba a jinsa, ba zafi. Daga baya ne gajiya ke saukowa kamar an ɗora wa mutum buhu, ga tashin zuciya. Kowace rana Abba yakan zo da filas na koko, irin na mutanen Kumasi mai yaji, matarsa ce ke damawa. Yakan zuba mini a murfin in sha a ɗakin jira. Ba ma hira sosai. A rana ta uku ya nuna mini hoton 'yarsa a waya, ya ce sunan Mama aka sa mata. Na ce na ji. Ya ce, "Ka ji, amma ba ka zo ba." Na ce haka ne. Ya ƙara mini koko.

A kwance cikin jakar nan na yi tunani da yawa. Shekara sittin da wani abu ina numfashi, ban taɓa sanin ƙirga ashirin tana da tsawo haka ba. Ranar Sallar nan, tsakanin dariyar dattijon da fizgar da na yi, ba a kai uku ba.

A rana ta ƙarshe likitar ta juyo mana da allon kwamfuta. A cikin duhun hoton ga ɗigo uku farare tas suna ƙyalli. Abba ya matso ya duba, ya ɗauki hotonsu da wayarsa.

Ya ce, "Wannan kam ba mai fizge ta."

Yanzu Sallah biyu ke nan da gashin. Ƙarin yana nan, bai tafi ba, amma bai ƙaru ba, kuma ciwon bayan ya lafa har ina iya sujada ba tare da kujera ba. Duk wata uku ana ɗaukar hoto, kuma na san wata rana hoton zai faɗi wani abu daban. Na bar tebur. Na bar jan salla ma, na koma sahu na biyu. In yaro ya tambaye ni hukunci, nakan nuna masa liman.

Na gaya wa Abba, a gaban Alhaji Musa, cewa in lokaci ya yi shi nake so ya tsaya a kan wankana, kuma kada ya bari wani mai ƙaramin sani irina ya ce sai an cire komai. Ya ce ya ji.

Ran Lahadin da ta wuce na je gidansu, karo na shida ke nan. Mariyama ƙarama ta hau cinyata tana wasa da carbina, ɗan ganyen nan yana reto a wuyanta a jikin wani zare. Uwarta tana kicin. Abba yana zaune a ƙasa yana gyara mata keke. Na ga ba kowa, na yi ƙarfin hali na yi tambayar da ban yi a bas ba.

"Abba, ka yafe mini?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da ɗaure ƙusa har ta kama, ya juya tayar ya ga tana tafiya daidai.

Ya ce, "Riƙe, Baba. Ban kai ashirin ba tukuna."

Ban tambaye shi a nawa yake ba. Ina riƙe.